Ɗan Akwatin Da Na Ƙwace: Waiwaye A Kan Zuwan Wasan Kwamfuta Ƙasar Bagauda

Gabatarwa

Ya ku 'yan'uwa 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas da sauran birane. Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani batu da ban taɓa zaton zan ɗauki alƙalami dominsa ba, wato wasan kwamfuta, wanda yara ke kira gem.

Ga abin da ya jawo. A wata Babbar Salla ta kwanan baya, waɗansu tsofaffin ɗalibaina suka zo gaishe ni. Dukansu magidanta ne, ƙaraminsu ya ba arba'in baya. Bayan an ci nama an sha fura, hira ta karkata zuwa ƙuruciya, sai na ga mutane masu furfura a gemu suna ƙyalƙyala dariya kamar 'yan aji uku. Wannan yana kwaikwayon kiɗan Mario da baki, wancan yana ba da labarin karen nan mai yi wa mutum dariya idan ya harbi agwagwa ya kuskure. Can sai ɗayansu ya gyara zama ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, har yanzu fa ina bin ka bashi. Gem ɗin bulo da ka ƙwace mini a aji biyar ba ka mayar mini ba." Na ce masa, "Ɗana, jira ni." Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye takarduna, na ɗauko masa kayansa. Tun 1995 yake hannuna. A ƙarƙashin tsofaffin rajistoci na tsince shi ranar da nake kwashe kayana daga ofis, lokacin da na yi ritaya a 2015. Mutumin nan ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya yi shiru, idanunsa suka kawo ruwa.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma kuma sun ce waiwaye adon tafiya. Wannan shirun nasa shi ya sa na zauna na bi diddigin abin: daga ina ya fito, ta wace hanya ya iso mana, kuma me muka yi da shi mu malamai da iyaye.

Kafin Zuwan Gem

Mu da aka haifa wajen 1960, dandali ne gidan wasanmu. Idan farin wata ya fito, maza su yi langa da kokawa, mata su yi gaɗa da carafke, tsofaffi su yi mana tatsuniya. Da rana manya su haƙa gurabun dara a gindin bishiya. Da kaka kuma, bayan an girbe dawa, mu ƙera motar kara, har da tayoyi da sitiyari. Duk abin wasanmu da hannunmu muke yin sa, kuma idan ya lalace mu ne makanikansa. Abin da ya fi kusa da kallon allo a wurinmu shi ne majigi, wanda kan zo jefi-jefi a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada.

Zamani ya fara leƙo mu ne a mulkin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A lokacinsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda da otal ɗin da ke bakinta, inda Makarantar Horon Lauyoyi take a yanzu, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Injiniyoyi da ma'aikata da baƙi suka shigo, aka ga kwan lantarki yana ci a gidajen ma'aikata. Ni kuwa na tafi Kwalejin Horon Malamai ta Wudil a 1975, ana gab da ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, na fito a 1980 da takardar malanta mai daraja ta biyu. A tsawon shekaru biyar ɗin nan ban taɓa ganin kwamfuta da idona ba. Tafireta da injin gurza takarda su ne ƙololuwar na'urorin da muka sani.

Talabijin ta zo a hankali. Akwai NTA Kano, sa'an nan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV. A garuruwanmu gidajen da ke da akwatin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, mafi yawansu mai baƙi da fari, kuma inda babu wutar NEPA da batirin mota ake kunna shi. A lura da abu guda: tashoshin nan ba su buɗewa sai da yamma. Da rana akwatin yana zaune a lulluɓe da ƙyalle, ba ya aikin komai. Wannan gurbin ne gem ya zo ya cike daga baya.

Asalin Abin A Ƙasashen Waje

A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Pong, wanda bai wuce sanduna biyu da ɗan ɗigo yana kai da kawo a tsakaninsu ba. A 1977 kamfanin ya fitar da akwatin da ake jonawa da talabijin a gida, a riƙa sauya masa kaset. Amma abin da Turawa sa'o'in ɗalibaina suke begensa a yau shi ne ƙananan kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980. A Ingila an fitar da ZX Spectrum a watan Afrilu na 1982, ƙaramar a kan Fam 125, babbar a kan Fam 175. A Amurka an fitar da Commodore 64 a shekarar, a kan Dala 595. Da talabijin ake haɗa su, kuma wasannin a kaset irin na rediyo suke zuwa, sai yaro ya zauna mintoci yana sauraron ƙara kafin wasan ya hau.

Sirrin waɗannan kwamfutoci shi ne, da zarar an kunna su, ba wasa suke nunawa ba, jira suke a rubuta musu umarni da wani harshen na'ura mai suna BASIC. Mujallu kan buga umarnin wasa shafi-shafi, yaro ya kwafa harafi bayan harafi, idan ya yi kuskure ya nemi inda kuskuren yake. Ta haka dubban yara suka tashi daga masu buga wasa suka zama masu ƙera shi. Gwamnatin Ingila ma ta taimaka wa makarantu suka sayi wata kwamfuta mai suna BBC Micro, wadda ta fito a 1981.

Me ya hana waɗannan su iso mana? Na farko kuɗi. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan ɗara Dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka karya darajar Naira, zuwa 1987 sai an ba da kimanin Naira 4 kafin a sami Dala ɗaya, kuma faɗuwar ba ta tsaya nan ba. Kayan waje suka fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Na biyu wuta. Muna maƙwabtaka da ruwan Tiga, amma ƙauyuka da dama tun daga Kiru har dajin Falgore da Riruwai sun daɗe ba su ga turken lantarki ba. Na uku, ko da Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, da kwalejojin Gwamnatin Tarayya aka fara. Firamaren karkara tana can ƙarshen layi. Saboda haka wancan zango na kwamfutar gida ya wuce ta kanmu kamar hadarin da ya zubar da ruwansa a wani gari.

Abin Da Ya Iso Gare Mu

Namu rabon daga gabas ya ɓullo. Akwai wani kamfani a birnin Kyoto na ƙasar Japan mai suna Nintendo, wanda aka kafa tun 1889 yana buga karta. A ranar 15 ga Yuli, 1983, ya fitar da wani akwatin wasa da ya raɗa wa suna Family Computer, wato kwamfutar iyali. A kansa ne aka yi wasan harbin agwagwa na Duck Hunt a 1984, da Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto a 1985, da wasan tankokin yaƙi na Battle City na kamfanin Namco a shekarar, da Contra na kamfanin Konami bayan 'yan shekaru. Na asalin yana da tsada. Sai masana'antun Taiwan, daga baya na Sin, suka shiga kwaikwayonsa, har suka iya dunƙule dukan kayan cikinsa a ɗan guntu guda, farashi ya faɗi warwas. Irin waɗannan na kwaikwayo su ne suka cika Rasha da Gabashin Turai da Indiya da Afirka a shekarun 1990, kuma su ne suka sauka a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano.

Daga Kano zuwa gare mu, hanyarsa ita ce hanyarku, ya ku mazauna birni. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai kawo iyalinsa gida hutun Salla ko dogon hutu, a sauka a Kwanar Ɗangora ko a miƙe hanyar Tudun Wada, a cikin kayan yara akwai kwali mai hoton jarumi da bindiga. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Sai ka ga takalma sun cika ƙofar ɗaki, yara ashirin a kan tabarma, hannun wasa biyu kacal. Wanda ya mutu ya miƙa wa na bayansa. Ɗan birni shi ne sarki, shi ke cewa wane zai taɓa, wane ba zai taɓa ba, kuma na ga yaron da ya yi wa ɗan'uwansa ɗiban ruwa kwana uku domin a ba shi rai ɗaya a Mario.

Kowa a cikinku ya san kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa lamba tara jere-jere, wai wasanni dubbai ko miliyoyi ne a ciki. Da an kunna sai a tarar 'yan wasanni ne ƙalilan, ake maimaita su da sabon suna ko a fara daga wani mataki dabam. Wannan ne darasin farko da yaranmu suka koya a kan ƙaryar talla. Kun kuma san hura kaset da baki idan hoto ya ƙi fita. Gaskiyar magana, hurawar ba ta gyara komai, cirewa da sake zurawa ne ke daidaita haƙoran ƙarfen da ke ciki, damshin baki kuwa tsatsa yake jawo musu. Ga kuma adafta mai zafi kamar garwashi, wadda ake yi wa fifita, da gargaɗin iyaye cewa gem yana kashe talabijin.

Bindigar agwagwa ta fi komai ɗaure mana kai. Har gardama na ji ana yi a majalisa, waɗansu na cewa wani haske take harbawa cikin gilashi. Daga baya na gane akasin haka ne: bindigar karɓar haske take yi. Idan aka ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi ƙirin na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa, sa'an nan a zana farin murabba'i daidai inda agwagwar take. A bakin bindigar akwai ɗan ido mai jin haske. Idan ya hangi farin, an samu, idan bai hanga ba, kare ya fito ya yi dariya. Shi ya sa ba ta aiki da shafaffun talabijin na yanzu, sai da masu ƙeya na da. Wani abin mamaki kuma, dukan wasan Super Mario Bros., da kiɗansa da duniyoyinsa takwas, kilobait 40 ne kawai. Hoto guda da kuke ɗauka da waya a yau yakan ninka wannan sau hamsin ko fiye.

Gem Ɗin Bulo Da Bulalar Hedimasta

Akwatin talabijin na masu hali ne. Wanda ya shiga hannun ɗan talaka shi ne ɗan ƙaramin nan na riƙewa a hannu da aka rubuta wa Brick Game, mai cin batir biyu, wanda ake kasawa a faranti tare da tocila da agogon roba a ranar kasuwa. Asalin wasan da ke cikinsa Tetris ne, wanda wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma game duniya bayan Nintendo ya haɗa shi da ɗan akwatin hannu na Game Boy a 1989. Siffofi bakwai ne ke faɗowa daga sama, kowace an gina ta da murabba'i huɗu, mai wasa ya juya su ya jera, layin da ya cika ya ɓace.

Tun da yana shiga aljihu, sai ya shigo mana aji. Malami na rubutu a allo, sai a ji ɗan kuka ƙit-ƙit daga bencin baya. Ni a lokacin ina sabon hedimasta, jini na tafasa. Na tara yara a filin taro na kafa doka: duk wanda aka kama da gem, bulala shida, kuma kayan sun zama na ofis. A zango guda na tara fiye da goma a aljihun tebur. Waɗansu iyaye suka zo suka karɓa, waɗansu suka ce in ƙona. Na wannan ɗalibi nawa ba wanda ya zo nema, domin shi ya saya da kuɗin da ya tara daga tsintar gyaɗa bayan girbi, mahaifinsa bai ma san da shi ba.

Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, wata rana bayan an tashi, na rufe ofis na kunna shi domin in ga abin da ke ɗauke hankalin yara. Ban farga ba sai da na ji kiran sallar la'asar. Kuma a ranar na lura cewa abin da wasan ke nema, wato juya siffa a zuci kafin ta iso ƙasa, shi ne abin da nake fama in koya wa 'yan aji shida a darasin siffofi da faɗin fili. Na lura, amma girman kai na malanta ya hana ni yin komai a kai. Na mayar da shi aljihun tebur na kulle.

Gidan Gem, Kwamfutar Ofis Da Wayar Hannu

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 abin ya zama sana'a. Ƙananan janareta suka yawaita, masu gidajen kallon bidiyo, waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, suka ware lungu suka ajiye talabijin da benci. Aka shigo da Sega Mega Drive, wanda ya fito a Japan a 1988, da wasannin dambe irin su Mortal Kombat da Street Fighter. Bayansa PlayStation na kamfanin Sony, wanda ya fito a watan Disamba na 1994, ya zo da faifai maimakon kaset, ya kuma zo da wasan ƙwallon ƙafa da ya mamaye komai. Yaro ya biya kuɗi ya buga, wanda aka ci ya tashi.

Ita kuwa kwamfuta sosai, mai allon madannai da linzami, ta fara bayyana a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da shagunan buga takardu, galibi ta gwanjo. A nan ma wasa ne ya yi wa mutane jagora. Kamfanin Microsoft ya sa wasan karta na Solitaire a cikin Windows 3.0 a 1990, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne mutane su saba da riƙe linzami da jan abu daga wuri zuwa wuri ba tare da sun ji ana koya musu ba. Akawu nawa ne a yankin nan suka koyi kwamfuta ta wannan karta, da Prince of Persia da Dangerous Dave, bayan mai gida ya tashi daga ofis? Akwai kuma wani nau'in akwatin kaset ɗan Sin mai zuwa da allon madannai, wanda ke koyar da buga rubutu har da BASIC. Na gan shi a gida guda, an jingine madannan a bayan kujera sun yi ƙura, ana ta Mario da hannayen. Ba wanda ya san ƙofar da yaran Ingila suka bi ce take jingine a wurin, ni ma ban sani ba.

Sai wayar salula ta zo a watan Agusta na 2001. Da sabis ya iso garuruwanmu, Nokia 3310 da 'yar'uwarta mai tocila suka sa wasan maciji a tafin hannun kowa, har dattawan da suka goyi bayan bulalata. Daga nan zamanin kaset ya fara ja da baya, akwatunan suka koma ƙarƙashin gado, daga can sai bola ko hannun 'yan gwangwan.

Hukuncin Da Muka Yanke

Adalci ya wajaba a kan kowane ɓangare. Tsoronmu yana da tushe. Mun ga yaran da suka riƙa gudun Islamiyya suna fakewa a gidan gem. Mun ga wanda ya taɓa kuɗin cefane. Mun ga yadda wasan ƙwallo ya rikiɗe ya zama caca a waɗansu wurare, ga hayaƙin janareta a ɗaki marar taga, ga cuɗanyar ƙanana da manyan da ba su da tarbiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan gem a jerin cututtuka. Dandalin da ya raine mu kuma ya yi rauni, yaran da ke ƙera motar kara suka ragu. Wannan rashi ne na gaske.

Kuskurenmu shi ne mun tsaya a hani, ba mu tambayi abin da ke cikin akwatin ba. Yaran da ba su iya haɗa jimlar Turanci a aji ba sun san ma'anar kowace kalma da ke fitowa a fuskar wasan. Sun iya jona waya da nemo tasha, sun iya gano ko adafta ce ta mutu ko kaset ne ya ƙi zama. A wasan tankoki akwai wurin da mai wasa ke gina filin yaƙinsa da kansa, bulo bayan bulo, kuma yaranmu sun gano shi ba malami. Mafi girma duka, sun daina jin tsoron na'ura. Sun san idan ka danna ba daidai ba duniya ba ta tashi, sake farawa ake yi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan karon dai yaran ne suka hango, mu muna gindin rimin da bulala.

Sakamakon ya bayyana daga baya. Daga 2008 sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya ta shigo da darasin kwamfuta, ni da hannuna na zana allon madannai da alli a allo, yara suna maimaita sunayen abin da ba su taɓa taɓawa ba. A 2013 hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta, a 2015 ta mayar da ita dole ga kowa. A shekarar na raka waɗansu yaran garinmu Kano. Na ga yarinya mai ƙoƙari, wadda ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba, ta fito tana kuka, domin rabin lokacinta ya tafi wajen kokawa da linzami, hannunta na rawa. Na kuma ga yaron da na sha kora daga gidan gem ya fito yana murmushi. Ba ta fi shi rashin sani ba, shi dai hannunsa ya saba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin daga baya hukumar ta shigo da tsarin amsa tambayoyi da maɓallai takwas, ba sai an taɓa linzami ba. A ranar na tuna cewa a duk ɗakunan nan masu cike da takalma, da wuya ka ga takalmin mace. Mata na can wurin talla ko aikin gida, kuma gidan gem ba wurin zuwansu ba ne. Ratar da ke tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye, ta ninku a kan 'ya mace.

Kammalawa

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, ban rubuta wannan domin in hana ku begen ƙuruciyarku ba. Ku yi begenta, halal ɗinku ce. Sai dai ku tuna cewa da yawanku da ke zaune a gaban kwamfuta a banki da asibiti da ma'aikatu, farkon sabonku da na'ura a kan waccan tabarma ne, da hannun wasan aro. Turawan Ingila da suka yi begen kwamfutocinsu na da ba su tsaya a hira ba. A birnin Kambirij waɗansunsu sun lura cewa sababbin ɗalibai ba su da ƙwarewar na baya, sai suka ƙera wata 'yar kwamfuta mai arha, Raspberry Pi, suka fitar da ita a 2012 a kan Dala 35, domin yara su sami abin da za su taɓa ba tsoro.

Mu ma muna da abin yi daidai ƙarfinmu. Uzurin wuta ya ragu, tun da farantan hasken rana sun shigo ko'ina. Kwamfutocin da ofisoshinku ke jinginewa a sito za su iya zama ɗakin koyo a firamaren da ta yaye ku, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan Allah Ya nufa an yi, ina da roƙo uku. A bar yara su taɓa, kada a lulluɓe na'urorin da ƙyalle ana jiran zuwan baƙi. A ware wa 'yan mata lokacinsu, da malama mace. A kuma bar musu ɗan wasa bayan darasi, da ƙa'ida da sa ido, a nuna musu cewa mutum ne ya rubuta wasan nan, su ma za su iya rubuta nasu, ko da dara ce tamu ta gado. Wanda kuma yake da tsohon akwatin kaset ko bindigar agwagwa a ɗakin mahaifiyarsa, kada ya yar. Kayan tarihi ne, kamar yadda tafireta da fitilar ƙwai suka zama.

Shi kuwa mai bina bashi, kafin su tafi ya aika aka sayo batir biyu. Muka kankare tsatsar da wuƙa, ya zura, ya danna. Bayan shekaru kusan talatin a kulle, sai ga bulo yana faɗowa. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, bisimilla, kai za ka fara." Na karɓa, na ce masa ya yafe mini bulala shidan nan. Ya ce ya yafe tuntuni.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon gane alheri a duk rigar da ya shigo da ita. Amin. Wassalamu alaikum.